Gawayin Hulusi Usta

Duk wanda ya tashi a Unguwar Majema ta birnin Edirne ya san Hulusi Usta, ko da bai taɓa ganin fuskarsa a wanke ba. Shi ne mai wutar gidan wankan unguwar. Jama'a ta ƙofar gaba suke shiga, su fito fes suna ƙamshin sabulu, shi kuwa tasa ƙofar tana can baya a cikin lungu, inda ake gangarawa ƙasa zuwa ɗakin wuta. Maraya ne, a tokar ɗakin nan ya girma a hannun tsohon mai wuta, har shi ma aka fara ce masa Usta, wato gwanin sana'a, gashin girarsa ya ƙone ya gaji ya daina fitowa. Ba shi da yawan magana, amma taurin kai kam Allah ya hore masa.

In ka samu ya buɗe baki, hirarsa ɗaya ce: gidan wanka numfashi yake yi. Wuta ta dafa ruwa, zafinta ya bi ta ramin da ke ƙarƙashin daɓen marmara, ya gasa babban dutsen da ke tsakiyar ɗakin zafi, wanda muke kira dutsen cibiya, sannan hayaƙi ya hau ta siraran hanyoyi a cikin bango ya fice ta gefen kubba. Kafin ya hura wuta, sai ya kunna guntuwar takarda ya riƙe a bakin murhu. In harshen wutar ya karkata ciki, gini yana ja, a zuba itace. In ya tsaya cak, to wani wuri ya toshe, ko tantabara ta yi sheƙa ko shamuwa, sai a hau sama a duba. Haka maigidansa ya koya masa, kuma takardar nan ba ta taɓa yi wa ɗayansu ƙarya ba.

Mai wuta ba ya ganin masu wanka, saboda haka ta bango ake magana da shi. Mai cuɗa takan cire takalminta na katako ta bugi bangon da ya raba ɗakin zafi da ɗakin wuta. Bugu a hankali, a ƙara. Bugu da sauri, a rage, an kusa dafa mutane. In kuwa ya ji shiru, aiki ya yi, iyakar yabon da mai wuta yake samu ke nan.

A ranakun mata, da ake rataye zane a ƙofar gaba don kada namiji ya yi gigin shiga, akwai wata mai cuɗa da ba ta san shiru ba. Feriha sunanta. Wuni take tana bugun bango. Rannan ta gaji da bugun, ta zagayo lungun da kanta, takalmin a hannu, ta leƙa ƙasa.

"Kai ne mai wutar?" in ji ta. "Ni na ɗauka gawa suka ajiye a ramin nan. Dutsen da ka ce ka gasa ko kyanwa ba za ta kwanta a kai ba."

Hulusi ya ɗago ya dube ta. "Ke ce mai bugun? Ni kuma na ɗauka kafinta aka kawo."

Kafin wani sanyin ya zagayo an ɗaura musu aure. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suka yi ta abinsu, ita a sama cikin ruwa, shi a ƙasa cikin toka, bango a tsakani. Ko a gida ba ta kiransa da suna, sai dai Baƙin Usta.

Da kowa ya samu famfo da ruwan zafi a ɗakinsa, sai ƙafa ta ɗauke daga gidan wankan. Ranar da aka ce wa Hulusi ya kashe wutar, ƙi ya yi. Zama ya yi ya zuba mata ido har ta mutu don kanta. Ya koma gadi a wajen masu sayar da katako. Ginin kuwa ciyawa ta fito a kan kubbarsa, ɓaure ya tsaga bango ya yi reshe, yara suka farfasa idanun gilashin da ke saman. A shekarun nan ne ruwan da Feriha ta yi ƙuruciyarta a ciki ya waiwayo ta. Sanyin ƙashi ya fara da yatsu, ya sauka gwiwa, ya zauna.

Sai ga hukuma ta tuna da ginin. Ba zan tauye wa masu gyaran nan haƙƙinsu ba, wallahi sun yi aiki. Sun cire ɓauren da saiwarsa, sun ɗaga marmara ɗaya bayan ɗaya sun mayar, sun sa sababbin gilasai a kubba har haske yana saukowa kamar dā. Amma wutar itace sun ce ta yi zamaninta. Suka kawo injin gas, suka shimfiɗa bututun ruwan zafi a ƙarƙashin daɓe, hanyoyin hayaƙin nan kuma suka toshe bakinsu da darma daga sama don kada ruwan sama ya sake ɓata bango. Tsohon murhu aka share shi tas, aka kunna masa fitila, aka gitta igiya a gabansa don baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Hulusi aka ba shi hula da makullai, ya zama mai buɗewa da rufewa, da nuna wa 'yan yawon buɗe ido ramin da ya ci ƙuruciyarsa.

Ranar mata ta farko bayan buɗewa, Feriha ta je da sandarta, murna kamar ta tashi sama. Da la'asar ta dawo ta zauna ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa gani ba.

"Yaya dutsen?" ya tambaye ta.

"Yana da kyau. Sheƙi yake yi."

"Ba kyansa na tambaya ba."

"To me kake so in ce, Baƙin Usta? Ɗumi ne a fata. Ka kwanta ka juya ka sake juyawa, ƙashinka bai san ka zo ba. Da a hannunka na samu wannan ɗumin, da na rushe bangon nan da bugu."

Washegari ya sami Erdal Bey, wanda aka ɗora a kan gidan wankan. Mutum ne mai kirki, yana girmama tsofaffi, kuma ya san aikinsa.

"Erdal Bey, a ɗan ƙara wa injin nan wuta mana. Dutsen bai yi ba."

"Usta, an ƙayyade masa iyaka. Marmarar ta tsufa, ga baƙi da ba su saba ba, sai wani ya faɗi mana. Ka yi haƙuri."

"To a ba ni murhuna yini guda."

Erdal Bey ya ajiye kofin shayinsa. "Ko da wasa. An toshe hanyoyin hayaƙin daga sama, kai ma ka gani. Murhun nan na kallo ne yanzu. Ka yi mini alkawari."

Hulusi ya gyaɗa kai. Wanda ya san shi ya san gyaɗa kansa ba amsa ba ce.

Sanyin shekarar ya zo da mugunta. Hazo ya taso daga kogi ya kwanta a kan unguwa, ƙanƙara ta daskare a bakin famfo. Ƙafafun Feriha suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Maganin likita yana ƙona mata ciki, in ta bari kuma gwiwa ta hana ta sakat. Hulusi ne yake ɗaukar ta zuwa banɗaki, ya dawo da ita, ya ɗumama tubali a murhun gida ya naɗe a tsumma ya sa mata. Bakin nan nata da ba ya mutuwa ya fara yin sanyi, kuma wannan ne ya fi tsorata shi. Ya sha ganin tsofaffi an kawo su a goye, sun wuni a kan dutsen cibiya, sun koma gida da ƙafarsu. Da hannunsa ya yi wannan aikin, ba labari aka ba shi ba. Ya tabbata a ransa cewa in matarsa ta samu dutsen a yadda ya kamata, ko sau ɗaya, za ta taka. Ga murhu, ga makulli a aljihunsa, igiya kawai ce tsakaninsa da shi.

Ya yi ta juya abin har ya samo dabara, ya kuma ji daɗin wayonsa. An ce hayaƙi ba shi da hanyar fita? To ai ba dole sai da itace ba. Gawayi mai kyau, irin na masu gashin nama, in ya kama ba ya hayaƙi. Babu abin da zai tashi sama balle wani ya gani ya kai wa Erdal Bey rahoto.

Ran Litinin ba a buɗe gidan wankan. Da hantsi ya turo buhunan gawayi a baro ta cikin lungu, ya sauke, ya ɗage igiyar ya rataye a ƙusa. Amma Hulusi ba mahaukaci ba ne, bai zuba ko ƙwaya ba sai da ya yi abin da ya saba. Ya yage takarda, ya kunna, ya durƙusa ya riƙe ta a bakin murhu. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci: in ta tsaya cak, zai kwashe gawayinsa ya koma gida.

Harshen wutar ya yi ɗan rawa, sannan ya kwanta ciki, ya miƙe sosai kamar ana zuƙarsa.

Hulusi ya yi dariya shi kaɗai. "Sun toshe, wai. Sun bar wata a buɗe ba su sani ba. Ginin nan ya girmi kakanninsu."

Gaskiya ne gini yana ja, takarda ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne inda iskar take zuwa. Lokacin da masu gyara suke shigar da bututu, sun huda daɓen daga ramin ƙasa zuwa cikin ɗakin zafi, a bayan kowane kwarmin dutse da famfo yake zuba wa ruwa, suka rufe hudojin da ragar tagulla mai ado. Hulusi ya sha goge ragar nan da tsumma, a zatonsa magudanar ruwa ce. Ta nan ginin yake numfashi yanzu, cikin ɗakin da mutane suke kwanciya.

Ya hura gawayin ya wuni yana ci, ja wur, babu ko ɗigon hayaƙi. Da yamma ya rufe shi da toka ya tafi gida. A kan abinci ya ce wa Feriha gobe ta shirya, zai kai ta wanka.

Ta dubi hannuwansa. Ya wanke su da sabulu, amma baƙin yana nan a ƙarƙashin farce.

"Tsohon banza," ta ce a hankali. "Korar ka za su yi."

"Su kora."

"To ka ji. In bai yi ba, zan buga. Kada ka ce don na tsufa zan rufa maka asiri."

Talata da safe ya tone wutar ya ƙara mata, sannan ya koma ya ɗauko matarsa a bayansa har ƙofar gaba. An riga an rataye zanen mata. A nan ya tsaya, Gulizar mai cuɗa ta fito ta karɓe ta. Gulizar a hannun Feriha ta koyi aiki, Yaya take ce mata. Da yake sanyi ya hana mutane fitowa, ita kaɗai ce a bakin aiki ranar, ita ce a ƙofa, ita ce a ciki.

"Usta, yau injin nan aljanu sun shige shi," in ji Gulizar. "Na taka daɓe sai da na ɗage ƙafa."

Feriha ta ƙyafta masa ido ta kan kafaɗar Gulizar. Suka shige, zanen ya koma ya rufe.

Ya zagaya lungunsa, ya janyo ƙofar ɗakin wuta don kada mai wucewa ya hango ja, ya zauna a kan buhu ya jingina kunnensa da bango. Yana jin zubar ruwa, da ƙarar tasa a kan dutse, da muryoyin wasu mata biyu na unguwa da suka zo. Can sai ga shi: ƙwan, shiru, ƙwan. A hankali, da gangan, bugun da ya sani tun yana saurayi. Hawaye ya zubo masa, bai damu ya share ba. Rabon da ya ji daɗi irin wannan har ya manta.

"Kafinta," ya ce da bangon. Ya tashi ya juye rabin buhu.

Da rana ta ɗan ɗaga ya fito bakin lungu shan iska, sai ga matan nan biyu sun fito tun lokaci bai yi ba. Ɗayar, Mukadder matar mai burodi, tana dafe da goshi.

"Kaina kamar ana sara shi da gatari," take ce wa 'yar'uwarta. "Ga tashin zuciya. Ni dai gida zan je in kwanta."

Hulusi ya sunkuyar da kai don kada su ga murmushinsa. Matan yanzu, sun saba da ruwan famfo, zafin gaske ya taɓa su kaɗan sun gudu. A dā ma haka ragwaye suke yi. Ya koma ya ƙara gawayi.

Ya sake jingina kunne. Ruwa yana zuba daga famfo ɗaya, bai tsaya ba. Babu tasa, babu murya, babu bugu. Ya miƙe ƙafa ya lumshe ido, yana ganin ta a ransa kwance a kan dutse, zafi yana ratsa gwiwar nan. Shirun ya yi tsawo, shi kuwa tsawonsa ƙara masa girman kai yake yi. Sau ɗaya wani abu ya ɗarsu a ransa, cewa famfon nan ya daɗe yana zuba, kuma Feriha ba ta barin ruwa ya tafi a banza. Ya ce barci ne ya ɗauke ta, ai dama abin da ake nema ke nan.

Ana gab da kiran azahar Nazmi mai shayi ya leƙo lungun, faranti a hannunsa.

"Usta, lafiya matan nan? Gulizar ba ta taɓa wuce hantsi ba ta leƙo ta karɓi shayi ba. Na kawo da kaina na yi ta sallama, shiru. Har ya huce."

Hulusi ya tashi. Suka zagaya gaba tare, suka tsaya a gaban zanen. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ƙetare zanen nan ba, ko matarsa ce a ciki. Ya ɗaga murya ya kira Gulizar. Ya kira Feriha. Ya ce a gafarce shi, a rufe jiki, namiji zai shigo, ya tsaya yana jiran amsa kamar yadda ake yi. Nazmi yana ta waige ko zai ga mace a titi su tura ta, titin babu kowa sai hazo. Allah kaɗai ya san abin da tsayuwar nan ta ci.

Daga ƙarshe ya ture zanen ya shiga. Gulizar ya fara gani, kife a bakin ƙofar ɗakin zafi, ta rarrafo ƙarfinta ya ƙare. Ya ja ta waje ya miƙa wa Nazmi, ya ce ya kira motar asibiti, ya koma.

Feriha tana kan dutsen cibiya, rigingine, zane a jikinta, ƙafafunta biyu a miƙe sambal. Kumatunta sun yi ja kamar na amarya. Na ɗan lokaci zuciyarsa ta ce masa ta warke. Ya hau dutsen da gwiwa don ya ɗago ta, zafin ya ratsa wandonsa ya shiga ƙashi, daidai yadda ya so, ko maigidansa bai taɓa gasa shi haka ba. Ya kira sunanta a kunnenta. Da ya sunkuya ɗaukar ta, wata busasshiyar iska mai ɗumi ta shafi fuskarsa daga ragar tagullar da ke bayan kwarmin ruwa. Ya san iskar, a cikinta ya girma. A nan ya gane inda takardarsa ta nuna: tun safe iskar gawayinsa mai guba suke shaƙa.

Feriha ba ta farka ba. Gulizar ta tashi bayan jinya, amma hannunta na dama ya kama rawa, cuɗa ta gagare ta. Hukuma ta kira Hulusi ta yi masa tambayoyi, bai musa komai ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba sai nasa. Da suka dubi shekarunsa da abin da ya rasa, suka bar shi a gidansa. Erdal Bey ya sa magina sun liƙe bakin murhun da tubali da siminti. Gidan wankan yana nan yana aiki har gobe, ranar mata daban, ranar maza daban, kuma yana cika.

Sai da sanyi ya wuce Hulusi ya iya zuwa gidan Gulizar. Ya tarar da ita a tsakar gida tana ƙoƙarin ɓare wake da hannu ɗaya. Ba ta ce ya zauna ba, shi ma bai zauna ba. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Ban zo neman gafara ba, 'yata, na san ban kai ba. Abu ɗaya ne ya hana ni barci. Kin san bugun. Da kin buga da sauri, ko sau ɗaya, da na janye wutar na zagayo. Me ya sa ba ki buga ba?"

Gulizar ta ajiye waken a kwano.

"Na tashi zan buga," ta ce. "Matan nan suna fita kaina ya fara juyawa. Na ce Yaya, zafin nan ba na lafiya ba ne, bari in ce ya rage. Na cire takalmin har na ɗaga. Ta kama hannuna ta karɓe shi, ta sa a ƙarƙashin kanta ta yi matashi."

"Ita ma kanta yana ciwo?"

"Yana ciwo mana. Ta faɗa mini. Amma ta ce, ki bar shi, Gulizar. Ta ce yana can ya manna kunne a bango kamar ɓarawo, tun da aka kashe masa wuta bai yi dariya ba. Ta ce duk rayuwarsa bugu na ba shi, yau dai bari in yi masa shiru ya ji daɗinsa."

Hulusi ya tsaya yana murza hular a hannunsa. Gulizar ta tura masa kujera da ƙafa, ya zauna, ya janyo kwanon waken gabansa ya fara ɓare mata.